Damin da aka ware a gindin gawo

A ƙauyenmu da ke gabas da Kunci, ba a kai zakkar dawa gida. Ranar ɗauri, duk dami na goma Baba yakan sa a jingine shi a gindin gawon da ke kan iyaka, wanda aka yi wa alkawari ya zo ya ɗauka. A shekarar da nake magana, dami na farko na wata tsohuwa ne da muke kira Iya. Ɗanta ya rasu da damina, ya bar mata jikoki, kuma ba ta da ko kunya ɗaya a gona.

Na zo hutu daga wurin aiki, ina taya Baba ɗauri, sai ga Baffa, ƙanensa, ya tsallako daga gonarsa da magirbi a kafaɗa. Kowa ya san labarinsa. Da aka raba takin tallafi, shi da Baba kowa ya samu. Baba ya zuba nasa a gona. Baffa ya ɗora nasa a babur ya kai kasuwar Bici tun buhun bai sha ƙasa ba. Dawarsa ta fito siririya, zangarniyar ba ta fi tafin hannu ba.

Iya ta riga ta iso, ta dafa damin tana jiran mai ɗora mata.

"Yaya, wannan nawa ne," in ji Baffa.

"Na Iya ne. Tun shuka na faɗa mata."

"Ka tambayi liman. Ɗan'uwa mabukaci shi ne a gaba."

"Mabukaci," Baba ya maimaita, bai ɗago ba. "Ina takinka? Ko a Bici ka shuka shi?"

Masu ɗauri suka yi dariya. Ina ganin dariyar ce ta jawo abin da ya biyo baya.

"Gwamnati ce ta ba ni, ba kai ba. Abin da na ga dama zan yi da shi."

"To ka je gwamnati ta ba ka dami. In aiki kake so, ga igiya can, ka ɗaure, in sallame ka."

Baffa ya fizgi damin. Iya ba ta saki ba, ya ja ta a kan kututturen kara har gwiwoyinta suka fashe. Baba ya riƙe masa wuyan riga. Baffa ya juyo da magirbin. Baba ya tare da hannun dama, ƙarfen ya shiga tsakanin yatsu ya tsaga tafin har wuyan hannu. Baffa ya sake ɗagawa, na rungume shi ta baya muka faɗi, ya cije ni a damtse. Masu ɗauri suka rufe shi da duka, da kara da ƙafa, har haƙorinsa ya fita. Baba ne, a durƙushe, ya ce a bar shi.

Igiyar damin ta tsinke, zangarniya ta watse, jini ya ɓata ta. Iya ta ce ba za ta kai wa marayu wannan ba. Kafin a ɗora Baba a babur zuwa asibiti, ya sa aka ɗauko wani daga namu aka ɗora wa mai kai mata. Wanda ya ɓaci, Inna, mahaifiyata, ta wanke ta shanya, mu muka ci.

Dagaci ya so a kai maganar gaba, Baba ya ƙi. 'Ya'yan Baffa suka ci gaba da zuwa cin tuwo gidanmu kamar yadda suka saba. Shi kam bai ƙara shigowa ba.

Hannun Baba bai sake dunƙulewa ba, ba ya riƙe fartanya. Yanzu 'yan ƙwadago ke masa noma, damin ya ragu. Amma duk kaka yakan zauna a gindin gawon, ya nuna da hannun hagu, ya ce a fara ware na Iya.