Baba Rasit da Kwatar Layinsu

Tun yana saurayi har furfura ta kama shi, aikin Baba Rasit ɗaya ne: zaga kasuwa yana karɓar haraji yana yanka rasit. Daga nan laƙabin ya bi shi, har yaran layinsu ba su san yana da wani suna ba. Siririn mutum ne mai son guga, da biro biyu a aljihu ko babu abin rubutawa. Abin da ya raba shi da abokan aikinsa shi ne ya yarda da aikin. Da zuciya ɗaya ya gaskata cewa abin da yake karɓa a hannun mai tumatir da mai gawayi wata rana zai dawo ya zama titi da famfo da magani. Ya yi ritaya, fansho ya zama sai an ga dama, amma bai sake ra'ayi ba.

Abokin gardamarsa ƙanin matarsa ne, mai walda a bakin layin. Kullum da yamma suna kan benci ɗaya, ba sa jituwa kuma ba sa rabuwa.

"Yaya, gwamnatin nan taku a jikin rasit kaɗai nake ganinta," in ji mai walda. "Wutar aikina janareta ne, ruwan shana saye nake. A bar kowa da guminsa, ka ga in ba mu gyara garin nan ba."

"Kai da ko rumfar shagonka ta gagare ka gyara? In kowa ya riƙe nasa, wanda ba shi da komai fa? Haraji tukunya ce da marar ƙarfi ma zai sa hannu."

"Tukunyar da masu dogon ludayi suka kewaye!"

Da gardamar ta tsaya a baki da an huta, sai kwata ta shigo ciki. Babbar kwata ce buɗaɗɗiya da ta bi ta ƙofar kowane gida a layin, zurfinta ya kai ƙugu, kowa da ɗan katakon da yake tsallakawa a kai. Wata damina ta cinye gefunanta ta ƙara mata faɗi. Mai walda ya tara maƙwabta ya ce a yi karo-karo a rufe ta da siminti. Kowa ya amsa, ban da Baba Rasit.

"Aikin gwamnati ne," ya ce, yana ɗaga yatsa. "An riga an biya kuɗin kwatar nan, da hannuna na karɓa. In muka yi mata aikinta yau, mun koya mata barci."

Ba wanda ya tsaya lallashinsa. Aka rufe kwata daga farkon layi har ƙarshe, aka bar ta ƙofar gidansa buɗe kamar giɓi a baki.

Shi taurin kai bai rage masa komai ba, ƙafafunsa lafiya lau. Matarsa ce ta ɗauki nauyin. Ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa, da sanda take tafiya, kuma likita na son ganinta kowane wata. Ranar komawarta asibiti ta ɗora ƙafa a kan katakon, ya yi rawa, ta ja da baya ta zauna a bakin ƙofa tana hawaye. Tun daga nan ta daina fita. Magani ya ƙare, gwiwa ta kumbura, ita kuwa ko sau ɗaya ba ta ce masa laifinsa ne ba. Shirun nata ya fi zagi yi masa ciwo.

Ya goge rigarsa ya nufi ofishin da ya yi wa bauta. Yaran da ya tarar a kan kujerun ba wanda ya san shi. Ya sha zama kafin wani jami'i ya saurare shi.

"Layinku ai an cire shi daga cikin waɗanda za a yi wa aiki, Baba. An kawo labari mutanen wurin sun yi da kansu. Har yaba muku aka yi."

"Saura ƙofa ɗaya, ɗana."

"Gwamnati ba ta ba da kwangila saboda ƙofa ɗaya."

Ya haɗiye girman kansa ya wuce shagon walda. Kafin nan karo-karon ya girma ya zama kwamiti, da shugaba da ma'aji da kuɗin wata da tara. Shugaban kuwa shi ne mai cewa a bar kowa da guminsa.

"Wallahi, Yaya, da a hannuna yake da yau na zuba maka simintin. Yayata ce fa. Amma kwamiti ya yanke, wanda ya ƙi shiga da farko sai ya biya ninki da tara. In na karya doka a kanka, gobe ba mai biya. Ni ma kasuwa ta mutu, da na biya maka."

"To yanzu me ya raba ku da mu ma'aikatan gwamnati?"

"Mu dai ana ganin simintin," in ji mai walda, bai iya kallonsa ba.

Abin da suka yanka ya fi ƙarfin fanshon da ko zuwa bai yi ba. Baba Rasit ya dawo gida ba gwamnati ba kwamiti, sai kunya da ta cika masa ciki. Ya ɗauko guduma ya ɓalle ƙyauren ɗakin kwanansu, ya jawo shi yana nishi har waje, ya shimfiɗa a kan kwatar. Da ƙyar ƙarshensa ya kama bakin ɗaya gefen.

Ta riƙe hannunsa ta taka a hankali har ta tsallake. Sannan ta waiwaya. Daga titi ana hango gadonsu, iska na ɗaga labule.

"Malam, da me za mu rufe ɗakin?"

"In mun dawo sai in mayar."

"Wata mai zuwa kuma ka sake ɓallewa?"

"Mu je dai," ya ce, "kada mu rasa layin likita."