Rumbun Baba Mani

Fa'iza ungozoma ce a Dogon Dutsi, mai sha'awar ɗaukar hoto. Ta so buɗe shafin intanet na rumbunan Arewa, amma tun da wani dattijo, Baba Mani, ya fatattake ta daga gidansa a Sukukutane da ta je ɗaukar hoton rumbunsa, ta jefa kyamarar cikin akwati, shekara biyu cur.

Bana aikin rigakafi ya mai da ita garin. Tana ta sunne kai, tsohon ya gane ta.

Ya ce, "Ke ɗiyata, da bazara kika zo, rumbu wayam, jinka ta zube! Haka za ki nuna ni ga duniya? Yanzu kaka ta yi, ina na'urar taki?"

Ta sauke ajiyar zuciya. Hoton rumbunsa ne zai buɗe shafin.