Da Karan Dawa Na Shafa Masa Magani

Shekara tara karen nan yana bin awakina a dajin Affala, ban taɓa sa masa hannu ba. Haka muka taso. Kare a zuba masa tsaki a kasko, a kira shi da fito, amma dattijo ba ya taɓa shi.

Wata damina diloli suka afka wa garken, shi ya tare su. Ko ɗan akuya ban rasa ba, shi kuwa ya dawo da cinya a yage. Na barbaɗa toka, na tsiyaya baƙin man mota, yadda kowa ke yi. Kwana shida ciwon ya ruɓe, wari ya hana mu cin tuwo a tsakar gida.

Ɗiyata mai karatun likitan dabbobi ta zo daga Tahoua da 'yar kwalba, wani abu mai yauƙi a ciki.

"Bagaruwa ce, Baba, wadda kas sani," in ji ta. "An maishe ta ƙanana har ido bai ganin ƙwayarta, don ta shiga can cikin nama. Nano aka ce mata. Amma sai ka wanke ciwon da hannu, ka hidda tsutsa, kana ka shahwa."

Ita ta yi na farko, ta bar mini safar hannu, ta koma makaranta.

Ni kuwa, dangarmu gajera ce, maƙwabta na gani. Mai furfura durƙushe gaban kare? Na naɗa tsumma a karan dawa, ina miƙa masa magani daga nesa. Safe da yamma, har na gaji da warin, na gaji da nishinsa, na gaji da kaina. Maganin yana kwance a sama, tsutsa na cin cinyar a ƙasa.

Rana ta biyar ya kasa ɗaga kai. Na jefar da karan, na durƙusa, na wanke, na tsince tsutsar ɗaya ɗaya. Ihu bayan hari. Maƙwabcin da nake jin kunyarsa ya wuce da jakinsa, ko waiwaye bai yi ba.

Karen ya ɗora haɓarsa a gwiwata, na dafa kansa. Kafin la'asar ya cika. Har yau ina jin haushin kaina. Ashe bayan kunnensa laushi gare shi, shekara tara ban sani ba.