Shuɗin da Mai Fenti Ya Tumɓuke

A layinsu babu wanda ya san shi da wani suna sai Mai Fenti. Tun yana saurayi yake hawa tsani da bokiti a hannu, har ya kai shekarun da gwiwa ta fara yi masa gardama. Yawancin shagunan bakin titin nan, da makarantar yara, da ɗakin shan magani na unguwa, hannunsa ne ya shafe su. Abin da yake taƙama da shi kuwa ido ne. Za a kawo masa ɓallin tsohon bango a tafin hannu, ya duba sau ɗaya, ya buɗe gwangwanaye ya haɗa, a shafa, a rasa inda tsoho ya tsaya da inda sabo ya fara. Bai taɓa yarda ya riƙe katin launi irin wanda kamfanoni ke rabawa ba. Ya ce wannan na 'yan koyo ne.

Da ya ajiye tsani, 'ya'yansa sun zaci benci zai samu a ƙofar gida kamar sauran tsofaffi. Sai ya zagaya bayan ɗaki, wani ɗan fili tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya, ya kwashe tsofaffin tayoyi da fasassun bulo, ya kafce ƙasa, ya zuba taki. Gwangwanayen fenti da ya tara shekara da shekaru ya huda musu gindi, suka zama tukwanen shuka. Matarsa har da murnarta, a zatonta tumatir da tattasai za a samu. Sai ga furanni.

Irin waɗanda ke fitowa idan sanyi ya fara janye jiki yake shukawa. Wasu daga iri, wasu daga kawuna kamar na albasa, waɗanda ake binnewa tun farkon sanyi a yi ta jira. Hannunsa na da albarka, wannan ko matar ba ta musa ba. Ja ya yi, fari ya yi, ruwan ɗorawa har ya yi yawa. Abu ɗaya ya ƙi, kuma shi ɗin ne kaɗai ya sa a ransa: fure shuɗi na gaske, a cikin gidansa, ko da sau ɗaya ne kafin a ce babu shi.

A yi masa adalci, shuɗi a fure abu ne mai wuyar samu. Masu sayar da iri kuwa ba su da tsoron Allah a wannan fanni. Hoton da ke jikin leda shuɗi ne shar, a shuka, a yi wata da watanni ana ban ruwa, ya buɗe da sirkin ja. Mai Fenti kan tsuguna ya dube shi, ya ja tsaki, ya kama gindin ya tumɓuke. Dokarsa ke nan. Fili kaɗan ne, in ji shi, ba zai ciyar da maƙaryaci ba.

"Malam, ai ko ba shuɗi ba ne yana da kyau," matar kan ce.

"Ke in kin sayi gishiri aka ba ki sukari, sai ki ce ai da daɗi?"

Da shekaru suka tura, sai ƙorafin ya sauya. Ya daina cewa akwai ja a ciki, ya koma cewa furannin toka-toka suke, kamar rigar da ta sha wanki. Matar ta duba ta ce ita dai shuɗi take gani. Ya yi dariya. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin gwangwanin fenti ne za a koya wa shuɗi? Ai ita ko bokitin wankinta, wanda kowa ya san kore ne ya koɗe, shuɗi take ce masa. Tun daga nan ta ja bakinta ta yi shiru, tana kallo yana tumɓukewa.

Ba furanni kaɗai suka yi masa laifi ba. Ƙwan fitila na yanzu ba shi da haske. Rubutun jarida an ƙanƙanta shi don rowar takarda. Har sama ma, a cewarsa, hayaƙin motoci ya ɓata ta. Ranar da ya gaisa da tela a bakin hanya yana tambayarsa ya aikin aski, autarsa, wadda ke koyarwa a wata makaranta can ƙetaren gari, ta ce ya isa haka, ta sa shi gaba zuwa asibiti. Likita ya haska ya ce yanar ido ce ta rufe masa ido biyun, sai an yi aiki. Za a fara da na dama, aka sa rana.

A shekarar ne kuma auta ta kawo masa wani iri a ƙullin takarda, ɗan abin da bai cika cokali ba. Wata tsohuwa ce da ta bar aiki a makarantarsu ta ba ta kafin ta ƙaura, ta ce wannan kam shuɗi ne ba wasa. Ya zuba shi duka a gwangwanaye mafi kyau. Sanyin nan gaba ɗaya a kansu ya ƙare: ya rufe da buhu in iska ta taso, ya buɗe in rana ta fito, ya kori kyanwar maƙwabta har suka kusa ɓatawa da masu ita. Maganar aikin ido ba ta dame shi kamar yadda ƙullin furen da ya ƙi buɗewa ya dame shi ba, ko kuma haka ya nuna.

Suka buɗe da safiyar ranar da za a tafi asibiti. Ƙananan furanni ne, da yawa, sun rufe bakin gwangwanayen. Ya fito da rigar fita a jikinsa, ya sunkuya, ya daɗe yana kallo.

"Toka," ya ce.

"Malam, wallahi shuɗi ne," in ji matar. Wannan karon ta kasa shiru. "Ka bar su mana har ka dawo."

"Baba, don Allah," auta ta ce daga bakin ƙofa. "Ko iri ba su yi ba tukuna, kuma babu inda zan samo wani."

"Ba zan buɗe sabon ido a kan wannan ba."

Tsoron aikin ido ne ya kama shi a safiyar, ga haushin wahalar da ya sha a banza, sai ya huce a kan abin da ke gabansa. Ya bi gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya yana tumɓuke furannin, ya tara su a gindin tanki, ya wanke hannu, aka tafi.

Washegari da hantsi aka cire masa bandeji. Ma'aikaciyar jinya tana ɗiga masa magani tana jero sharuɗɗa: ban da sunkuyo, ban da ɗaukar kaya, ban da ƙura. Ta ƙara da cewa, "Kuma Baba, kada ka yi mamaki in ka ga launuka sun canza. Yanar nan kamar tsohon gilashi ce da ya yi ruwan ɗorawa. Shuɗi ta fi cinyewa."

Aka sallame shi. A cikin mota ya yi ta kallon waje ta taga, ya ga rigunan 'yan makaranta, ya ga wata rumfar leda, ya ɗaga kai sama ya sauke da sauri. Ya ce wa direba ya ɗan ƙara wuta.

Tarin na nan a gindin tanki, ya sha rana ya yi laushi. Zai sunkuya auta ta riƙe masa kafaɗa. Matar ce ta durƙusa ta ɗaga na sama, ta zaro reshe ɗaya daga ƙasan tarin inda rana ba ta kai ba, ta miƙa masa. Ya rufe idon dama da tafin hannu ya duba da na hagu, wanda ba a taɓa ba. Toka. Ya sauya hannu, ya rufe na hagu. Shuɗi ne, tsantsa, babu ja babu toka, irin wanda ko a gwangwani bai cika samu ba.

Ya tsaya da reshen a hannu. Can ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Na bara fa?"

"Su ma."

"Na bara waccan?"

"Su ma, Malam."

Aka kawo masa kujera. Yana zaune yana nuni da sanda, ita tana mayar da su cikin gwangwanaye, tana danna ƙasa, auta na zuba ruwa. Aka ja su inuwa, aka rufe da buhu. Kowace safiya yakan fito da baƙin tabarau ya sa a ɗaga masa buhun ya gani. Ko ɗaya bai kama ba.