Giginyar da Na Karɓa wa Iya

Abubuwa da yawa na ƙuruciya sun zube mini a hanya, har idan 'yan uwa suna tuna baya sai in riƙa gyaɗa kai kawai don kada a ce na fara tsufa. Amma ranar da na saɓi dagi na tafi kashe giginyar kakata, wannan kam ko haƙorana sun ƙare ba za ta fita daga kaina ba.

A wani ɗan ƙauye na tashi, can wajen Kazage, inda idan ka fita ta bayan gidanmu ka ratsa gonar dawa, to ka shiga daji ke nan. A wancan zamani dajin namu ne. Mata su shiga tsintar kaɗanya tun da safe, mu yara mu bi su muna cika ciki da kanya da ɗinya, a dawo da yamma ba wanda ya neme mu. Abin tsoro bai wuce maciji ba, sai birai da ke raina yaro idan suka ga shi kaɗai ne a gona. Dattawa suna yawan zancen giwaye. Ni dai kashinsu kawai na taɓa gani, shi ma sai da na ishi kowa da labari.

Kakata mahaifiyar Baba, Iya muke ce mata, kuma a ɗakinta na girma tun da aka yaye ni. Maigida take kirana, irin wasan nan na kaka da jika. Kullum ƙorafinta ta auri mijin da ba ya kawo cefane sai ci, ni kuma in ce ta kiyaye ni ko in sake ta in nemo mai haƙora. Haka muke wuni muna faɗa, ga shi kuma ba na iya cin tuwo sai a kwanonta.

Sana'ar Iya muruci ce. Idan bazara ta yi zafi, giginyun da ke fadama a bakin daji sukan zubar da 'ya'ya, manya masu ƙamshin da tun daga nesa yake kiran mutum. Mu kwaso, mu tsotse har zare ya cika mana haƙora, ƙwallayen kuma Iya ta tara. Ruwa na sauka ta binne su a wani fili bayan gida. Sai an gama girbi ake tonowa, a ciro abin da kowane ƙwallo ya tura cikin ƙasa, wato murucin, a dafa. Ranar tono ranar biki ce a gidanmu, don har maƙwabta sai sun ci sun ƙoshi kafin a kai saura kasuwa.

A shekarar da nake ba ku labari ban daɗe da shiga firamare ba. Baba da ƙannensa suna cikin tono, sai Iya ta ɗora sandarta a kan wani tsiro da ya leƙo a gefen fili, siriri kamar tsinken mashi, ta ce, “Wannan ku bar mini ita. Ba ta ci ba ce, ta zama ce.” Ta sa aka saro ƙaya aka kewaye ta saboda awaki. Ni ko a jikina, hankalina yana kan tukunya.

Ɗan baffana ne ya ɓata mini rai. Ya girme ni da kaɗan, kuma irin yaran nan ne da ba su jin daɗi sai sun ga ƙaramin yaro ya tsorata. Muna zaune a inuwar rumbu muna ɓare muruci, ya rage murya ya ce, “Kai ba ka gane abin da Iya ta yi ba ko? Duk wanda ya bar giginya ta girma ba ya shan 'ya'yanta. Kafin ta haihu ya mutu.”

Na ce ƙarya yake. Amma na ajiye murucin na tashi. Na lallaɓa wajen mahaifiyata tana surfe, na tambaye ta ko da gaske ne wanda ya shuka giginya ba ya shan 'ya'yanta. Ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce, “Haka dai ake cewa. Matsa kada taɓarya ta same ka.” Ita ta manta da maganar nan take. Ni kuwa a wurina hukunci ya riga ya tabbata.

Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kwantar da Iya. Tsofaffi suna zazzaɓi kowace shekara, amma ni na san dalilin wannan. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da safe na gaishe ta, ta amsa kamar yadda take amsa wa kowa, ba maigida, ba zancen cefane. Baba ya hau keke ya nufi Birnin Gwari neman magani. Na ga keken ya ɓace a kwana, na dubi ƙofar ɗakin Iya a rufe, sai na yanke shawara. Na sa kayan makaranta na fita kamar kowa, na zagaya ta bayan danga, na janyo dagin Baba daga ƙarƙashin rumbu. Dagin ya kusa fin ni tsawo.

Ƙayar ce ta fara hukunta ni, don kafin in buɗe hanya ta yage mini riga ta zane mini hannu. Ƙasa kuma ta bushe ta yi tauri, in na buga dagi sai ya yi tsalle ya dawo. Na buga, na kwashe da hannu, na sake bugawa. Da na ga jikin murucin ya bayyana na kama shi da hannu biyu na ja iya ƙarfina, ko motsi bai yi ba. Na manta cewa ranar tono, Baba da girmansa sai da rami ya kai masa cinya. Rana ta take, tafin hannuna ya tashi ya fashe, majina da hawaye da gumi suka haɗu a haɓata. Ina tono ina zagin giginyar ƙasa-ƙasa, ina gaya mata ba za ta ga bayan Iya ba sai dai ni in ga nata.

Ban ji tahowarta ba. Inuwa kawai na gani ta faɗo cikin ramin. Ashe ta fito alwalar azahar ta ji bugun dagi. Tana tsaye ta lulluɓa da mayafi, ta dogara sanda, leɓunanta sun bushe.

Ta ce, “Maigida, yau kuma noma aka fara? Wane laifi giginyata ta yi maka?”

Na ƙi dubanta. Na ce, “Cire ta zan yi.”

“Saboda me?”

“Saboda kashe ki za ta yi. An ce wanda ya shuka ba ya sha. Ga shi har kin fara ciwo.”

Sai ta fashe da dariya, dariyar da ta koma tari, har ta riƙe danga. Raina ya ƙara ɓaci, ina ta fama saboda ita tana yi mini dariya. Da ta samu numfashi ta leƙa ramin ta ce, “Ai wannan ta riga ta kama ƙasa, ko ka kwana a nan ba za ta fito ba. Sai dai in akwai wanda zai karɓa mini.”

Na ce, “Yaya ake karɓa?”

Ta ce, “Wanda ya mayar da ƙasar nan da hannunsa, ai shi ya shuka. Ni na fita.”

Daga baya na gane dabara ce kawai irin ta tsofaffi, so take a rufe mata rami kafin rana ta ƙona saiwar. Ba ta san yadda maganar ta sauka a zuciyata ba. Na saki dagin a cikin ramin. Na tuna rigar Sallah da aka yi mini alkawari. Na tuna ban taɓa tuƙa keken Baba ni kaɗai ba. Tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye muku ba. Sai kuma na ɗaga kai na ga yadda sandar ce kawai ke riƙe da ita, na tuna ɗakinta ba ita a ciki. Na fito daga ramin, na durƙusa, na fara tura ƙasa.

Ta tsaya tana kallona tana cewa, “Yawwa, danna da kyau, ashe dai mijin nawa yana da amfani.” Na ci gaba har na cike ramin. Na daddanna da ƙafa, na mayar da ƙayar yadda na same ta. Sannan na ciro danƙon harbina daga aljihu, abin da na fi so a duniya a lokacin, na miƙa mata.

Na ce, “Iya, in na mutu ki ba ƙanena. Kada ki ba wancan mugun.”

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta dubi danƙon, ta dubi hannuwana da suka fashe, sai sandar ta suɓuce. Ta zauna daɓas a ƙasa, ta janyo ni jikinta mai zafi kamar garwashi, ta yi kuka. Ban taɓa ganin Iya tana kuka ba sai ranar. Tana cewa, “Wayyo ɗan nan, da gaske ka ɗauka? Da gaske ka yarda ka tafi a madadina?” Ni ma na buɗe baki, muka haɗu muka tara gida. Ɗan baffana kuwa, da aka gano shi ya tsorata ni, ranar ya sha carbin Iya a gadon baya, kuma ban taya shi jimami ba.

Maganin Baba ya yi aiki, Iya ta miƙe. Da ta ji ƙarfi ta kama hannuna muka gangara fadama, ta tsaya gindin wata doguwar giginya da muka fi so saboda zaƙinta. Ta ce, “Wannan uwar mijina ce ta bar ta. Ba ta sha ba. Ni na fara sha, ina da cikin babanka. Waɗancan na cikin daji kuwa giwaye ne suka shuka, su ci a can su zo su ajiye ƙwallo a nan.” Ta ce giginya ba ta kashe kowa, nawa ce da ita kawai, mu kuma da muke tunawa da shuka ta galibi mun riga mun tsufa. Na tambaye ta to me ya sa za ta wahalar da kanta a kan abin da ba za ta sha ba. Ta ce, “Kai da ka sha ta wani, ba ka jin kunyar tafiya ba ka bar wa kowa ba?”

Ina sakandare Allah ya yi wa Iya rasuwa. A lokacin giginyar ko gangar jiki ba ta yi ba, ganye ne kawai ya kai ƙirjin mutum. Baba yakan dube ta ya ce Allah ya sa dai ba namiji ba ce, don namijin giginya ba ya haihuwa. Daga baya daji ya juya mana baya, 'yan bindiga suka mamaye shi, kamar yadda kowa a ƙasar nan ya sani. Wurin da muke shiga tsintar kanya ya zama wurin da ba a ambata sai da addu'a. Muka kwashe abin da za mu iya ɗauka muka dawo cikin garin Birnin Gwari, muka bar rumbuna da kaburbura.

Wata bazara da hanya ta ɗan lafa, na hau babur ni da ɗan baffan nan nawa, wanda yanzu furfura ta cika masa gemu, muka je duba tsohon gida. Ɗakuna sun zube, ciyawa ta cinye tsakar gida, da ƙyar na gane inda ɗakin Iya yake. Ƙamshi ne ya fara tarar mu. Muka zagaya baya, sai ga ta tsaye ta yi sama, 'ya'ya sun zube a gindinta ba mai ɗauka. Na zauna a daidai inda na taɓa durƙusawa, na fasa ɗaya na kai baki.

Ɗan baffana ya ce, “Ka gani ko? Maganata ba ta faɗi ba. Iya ba ta sha ba.”

Na ce, “Ai ni na shuka, ta faɗa da bakinta. Ga shi kuma ina sha.”

Muka so mu yi dariya, ta ƙi fitowa. Shi ya juya yana gyara abin da bai lalace ba a jikin babur, ni kuma na ci gaba da tsotsa, hawaye na sauka a kan hannuna. Kewar Iya ta kama ni kamar a ranar aka binne ta.

Na ciko buhu da ƙwallaye na kawo gida, na binne a bayan ɗakina a nan unguwar Magajin Gari. Da lokacin tono ya yi yarana suka ci muruci har suka gaji, amma na ɗora ƙafa a kan guda na ce a bar mini ita. Na kuma zaunar da su na yi musu bayani tun kafin wani ya riga ni, domin ranar nan ta koya mini cewa maganar da babba ya yar ba da niyya ba, yaro yakan ɗauke ta da dukan zuciyarsa. Ta kuma koya mini cewa duk daɗin da na sha a duniya wani ne ya bar mini shi bai ɗanɗana ba. Wannan da na bari yanzu ta kai gwiwa, kuma na san ba ni zan sha ta ba. Kullum da safe nakan duba ko akuya ta taɓa ƙayar.