Hoton Gefen da Ba Mu Ɗauka Ba

Akwai wata Juma'a da har yau ta ƙi barin raina, a shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a ɗakin hoton ƙashi na wani asibiti kusa da Gyaɗi-Gyaɗi.

Da hantsi 'yan sanda suka kawo gawar wani ɗan acaɓa, Nasiru, tare da wani direban tasi, Malam Sule, da ankwa a hannunsa. Malam Sule ya ce ƙarar bindiga ya ji a unguwar Daurawa, ya ga mutum ya faɗi, ya tsaya ya ɗauko shi. Su kuma suka ce da mota ya buge shi. Jikin duk ƙujewa ce da jini, ido ba zai raba gardama ba. Mutanenmu kuwa ba sa yarda a tsaga mamaci, don haka sai hoto.

A ƙa'ida biyu ake ɗauka. Na gaba shi ke nuna akwai ƙarfe, na gefe kuma ya nuna ko a cikin jiki yake ko a kan riga. Na ɗauki na gaba, sai ga farin ɗigo kamar ƙwayar wake a saitin haƙarƙari. Ina cikin juya gawar don hoton gefe sai wuta ta ɗauke, mai janareta kuma ya riga ya tafi masallaci da makulli a aljihu.

Mahaifin Nasiru ya riƙe hannuna. "Ɗana, da an idar da Juma'a za a sallace shi. Kar ku hana shi wannan taron jama'ar."

Likita ya ce, "Baba, a ba mu zuwa la'asar mana." Tsohon ya fashe da kuka, dangi suka cika baranda, sajan ɗin 'yan sandan ya ce shi ba ruwansa. Haka aka tafi da gawar.

A kotu aka ce ɗigon yana iya zama maɓallin riga. Babu hoton gefe da zai ƙaryata hakan. Malam Sule ya sha zaman jiran shari'a, ya fito ba mota ba lafiya.

Bayan fitowarsa ya neme ni, ya ce in nuna masa hoton. Ya ɗaga shi saitin taga, ya daɗe yana kallo. "Malam, ai ga harsashin nan. Ko ni da ban yi boko ba na gan shi."

Wallahi abin na ci na har gobe. Ku da kuke aikin yanzu, idan an kawo muku gawa ana gaggawa, ku leƙa baranda tukuna. Wataƙila akwai mai rai a zaune da ankwa, shi ma hoton yake jira.