Shaidar da Ta Ci Ran Yayana

Ni ɗan mahauta ne, a unguwar Mardjandafak aka haife ni. Kakanmu ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, guzuri ya yanke masa a nan ya zauna. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, yayana Sale ya gaji teburin nama, shi ya riƙe ni da mahaifiyarmu.

A shekarun casa'in na samu babur ina jigilar 'yan kasuwa tsakanin Ngueli da Kousseri, ta gadar kan iyaka. A nan na san wani da ake kira Dogo, mai shagon kayan babur a unguwar Bololo. Ya fara ba ni ƙulli in haye masa gada da shi, wai maganin ciwon kai ne. Na san ƙwaya ce, na yi kamar ban sani ba. Daga ɗauka na koma sha. Daga ƙwaya muka koma bindiga, don yaƙe-yaƙe sun bar makamai birjik a gari. A buhun albasa nake cusa su.

Yaya Sale ya taɓa tare ni a zaure ya ce babur ɗin nan ba fasinja kaɗai yake ɗauka ba. Na rantse masa da ƙarya, ya wuce.

Da rana tsaka jandarmomi suka kama ni a bakin gada. Wani babba a cikinsu ya ce in na faɗi mai kayan a gaban alƙali za a sassauta mini, kuma za su tsare gidanmu. Na tambaye shi ko akwai dokar da ta tilasta musu hakan, ya yi dariya ya ce maganarsa ta isa. Na yarda, na kira sunan Dogo. Kafin in koma ɗakin da ake tsare da ni, duk Bololo ta ji. Aka kama Dogo, amma wani mai hannu da shuni ya tsaya masa aka sake shi, ba kuma wanda aka tura ƙofar gidanmu.

Wata rana bayan la'asar aka harbe Yaya Sale a teburinsa. Kasuwa cike take, amma da aka nemi shaida kowa ya ce bai ga komai ba. Ban ga laifinsu ba, sun ga abin da tawa shaidar ta jawo.

Shekarun da na yi a kurkuku, da Dogo nake kwana da shi nake tashi. Na tsara inda zan tare shi da abin da zan faɗa masa kafin in harba. Mahaifiyata ta zo duba ni, ta karanci fuskata, ta ce, “Bakinka ya raba ni da ɗaya. Kada hannunka ya raba ni da wanda ya rage.”

Ban ji ba. Ina fitowa na nemi bindiga a wajen tsofaffin abokai, na soke ta a ƙugu na nufi Bololo. Na tarar da shi a ƙofar shago, ya yi ƙiba, carbi a hannu, ana ta gaishe shi da Alhaji. Ya gane ni, ya yi murmushi ya ce, “Allah ya jiƙan Sale. Yaransa suna nan lafiya dai ko?”

Na janye hannuna daga ƙugu. Na gane in na kashe shi yau, gobe yaran Dogo na kan marayun yayana. Na juya, na je na jefa bindigar a kogi, na zauna a gaɓa na yi kukan da ban yi a kurkuku ba.

Na tuba ga Allah, na daina ƙwaya, nama nake sayarwa ina ciyar da marayu. Amma ban yafe wa Dogo ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, kullum ina roƙon Allah ya nuna mini ƙarshensa.

Samari, ku guji masu wannan harka tun daga gaisuwa. In kun shiga, ba ku kaɗai kuka shiga ba, har da duk wanda kuke kwana gida ɗaya da shi. Hukuma kuma ta sani, muddin mai shaida ba shi da kariya, bakin mutane a rufe zai zauna. Ranar da aka yi dokar da za ta tsare mai shaida da iyalinsa, ni zan riga kowa isa gaban alƙali, kuma ban manta ko gida ɗaya da na taɓa sauke wa Dogo kaya ba.